Amsoshin Wasiƙunku: Dusar Da Muke Zuba Wa Rago, Rabon Wa Muka Ɗauka?

   Wanda shirin ya wuce shi a akwatin rediyo, to, ga shi nan a rubuce, sai ya karanta, ya kuma karanta wa maƙwabcinsa.

A wannan mako wasiƙu huɗu muka ware, dukkansu daga unguwannin da ke kudancin kogin Kaduna. Masu su ba su san juna ba, amma tambayoyinsu a kan abu guda suka tsaya, watau abin da ke samun hatsi tsakanin turmi da tukunya, da kuma abin da hakan ke jawowa a cikin cikin mutum. Sai ku gyara zama.

TAMBAYA TA FARKO

Wani Alhaji mai sayar da hatsi, wanda ke saro dawa da masara daga Kujama da Kasuwan Magani yana kawowa Kasuwar Litinin ta Kakuri, shi ya aiko da wannan. Ya ce: "Sa'ad da nake ƙauye, tuwon dawa da miyar kuka ne cimata, ban san wani abu wai shi maƙarƙashiya ba. Yau shekara 20 ke nan ina zaune a Nassarawa. Da safe shayi da burodi, da rana taliya ko farar shinkafa, da dare tuwon semo. Sai in yi kwana uku ban zaga ba, ga basir ya sa ni gaba. Ɗana da ke makaranta ya ce wai akwai ƙwayoyin cuta masu amfani a cikin hanji, ni ne na bar su da yunwa. Yaushe kuma ƙwayar cuta ta zama mai amfani?"

AMSA

To, Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Maganar yaron nan tana kan hanya, kuma kai da ka tashi cikin dabbobi ka riga ka san rabin amsar. Saniya tana cin ciyawa da kara da harawa, ta yi ƙiba, ta ba da nono, alhali kuwa jikinta shi kaɗai ba zai iya narka ciyawa ba. Waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, suke zaune a cikin tumbinta. Su ne ke tsima ciyawar kamar yadda gasara ke kwana ta yi tsami, sa'an nan saniya ta tsotse abin da ya fito daga tsimin. Kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙarfin da saniya ke samu ta wannan hanya yake zuwa. Ka ga ke nan bakteriya iri-iri ce. Akwai masu kawo cuta kamar ta kwalara da ta taifot, akwai kuma waɗanda zama da su alheri ne.

Mu ma Allah ya yi mana irin wannan baiwa, sai dai tamu a ƙarshen hanya take. Loma idan ta bar ciki sai ta shiga ƙaramin hanji, inda jiki ke tsotse sitaci da maiƙo da abin gina jiki. Abin da ya gagari ƙaramin hanji shi ke wucewa babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kamar mita ɗaya da rabi, kuma a nan ne waɗannan halittu suka kafa sansani. Wani lissafi da masana suka fitar a 2016 ya nuna babban mutum yana ɗauke da kimanin tiriliyan 38 daga cikinsu, watau miliyan sau miliyan har sau 38, mafi yawansu a babban hanji, nauyinsu duka bai wuce giram 200 ba.

Abincinsu shi ne wannan ragowar da ta gagari ƙaramin hanji. Likitoci suna ce da ita faiba, mu kuwa sai mu ce harza. Ita ce ɓawon ƙwayar hatsi, da fatar wake, da jijiyoyin ganye, har da yauƙin kuɓewa da na kuka. Idan harza ta isa babban hanji, bakteriya sai su tsima wani sashe nata, su fitar da ruwan tsami iri uku. Na ɗaya ana ce da shi asitet, na biyu furofiyonet, na uku butiret. Wannan na ukun shi ne abin lura, domin kuwa shi ne babban abincin fatar da ta shimfiɗe cikin babban hanji. Da shi take samun ƙarfin sabunta kanta, ta kuma fitar da majinar da ke kare ta daga ƙuna da kumburi. Har ila yau tsamin yana takura wa waɗansu miyagun ƙwayoyi masu kawo zawo. Sashen harzar da bai tsimu ba kuwa yana riƙe ruwa kamar soso, shi ya sa bayan gida ke fita da laushi, ba sai an yi nishi ba. Yawan nishin nan yana daga cikin abubuwan da ke ta da basir.

Yanzu, Alhaji, duba cimarka ta yau. Burodi da taliya da semo duk daga farar tsakiyar alkama aka yi su, an cire ɓawon. Farar shinkafa ma an goge ta tas. Ƙaramin hanji yana shanye kusan dukkansu, abin da ke isa ga mutanen ƙasa kaɗan ne. An gwada a jikin ɓeraye an ga cewa idan yunwar harza ta daɗe, waɗansu daga cikin bakteriyar sai su juya su fara cin majinar da ke kare hanjin. A Jami'ar Stanford ta Amurka kuma, a 2016, an yi ta ba ɓeraye abinci marar harza daga uwa zuwa 'ya'ya har jikoki, sai aka ga irin bakteriyar suna raguwa daga zuriya zuwa zuriya, har ta kai ko an dawo da harzar waɗansu ba su dawowa.

Wannan magana ba yau aka fara ta ba. Wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt, wanda ya yi aiki shekaru da yawa a asibitin Mulago da ke Kampala a ƙasar Yuganda, ya lura cewa mutanen karkara da yake dubawa ba safai suke zuwa da maƙarƙashiya ko sankarar hanji ba, alhali a Ingila waɗannan sun zama ruwan dare. Shi da abokan aikinsa suka shiga auna bayan gidan mutane, suka buga sakamakon a 1972. Abin da baƙauyen Afirka ke fitarwa a yini ya kai kusan ninki huɗu na Baturen Ingila, kuma abinci yana ratsa cikinsa a kimanin rabin lokacin da yake ɗauka a cikin Bature.

A 2010 waɗansu masana daga Italiya suka matso kusa da mu. Suka je ƙauyen Boulpon a Burkina Faso, inda cimar yara ita ce gero da dawa da wake da ganye da daddawa, kamar dai ta ƙauyukanmu. Suka gwada yara 14 na can da yara 15 na birnin Florence. Yaran ƙauyen suna da irin bakteriyar da suka ƙware wajen tsima harza, suna kuma da ruwan tsamin nan mai amfani fiye da na Turawa. Da aka sake bincike aka buga a 2017, sai aka ga yaran masu hali da ke zaune a birnin Wagadugu cikinsu ya fara komawa irin na Turawa. A nan gida ma, wani bincike da Dokta Funmilola Ayeni, wadda a lokacin take Jami'ar Ibadan, ta yi tare da abokan aikinta, wanda ya fito a 2018, ya gwada Bassawa manoma da ke zaune a karkara kusa da Abuja da mazauna birane, ya kuma sami irin wannan bambanci.

Abin da zai ƙarfafa maka guiwa shi ne ciki yana saurin karɓar gyara. A wani gwaji da aka buga a 2015, baƙaƙen fatar Amurka 20 daga birnin Pittsburgh da mutanen karkara 20 daga lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu sun yi musayar abinci na mako biyu kacal. Amurkawan da suka koma cin fate-faten masara da wake da ganye, butiret ɗinsu ya ninka sau biyu da rabi. Mutanen karkarar da aka ɗora a kan nama da soye-soye da farin burodi, nasu ya ragu da rabi.

Ba laifinka ba ne, Alhaji, zama ne ya zo da haka. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, masaƙu da masana'antu suka biyo baya, ma'aikaci mai sammako ba shi da lokacin jiran tuwo, teburin mai shayi ya zama gidan karin kumallo. Masaƙun sun durƙushe, amma cimar ta zauna. Kai kuwa hatsi a hannunka yake. Ka mai da tuwon dawa ko na gero abincin darenka, ka yawaita miyar kuka da kuɓewa da zogale da rama, ka sa wake a cikin shinkafarka, ka sha ruwa sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2023, ta ce babban mutum ya sami aƙalla giram 25 na harza kowace rana, da giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa. Amma ka bi a hankali, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin mako biyu ko uku, don kada ciki ya kumbura. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai gargaɗi guda. Idan kana ganin jini a bayan gida, ko kana ramewa ba dalili, ko yanayin zagawarka ya sauya ya ƙi komawa daidai har makonni, kada ka tsaya a kan cewa basir ne. A shekarunka wajibi ne likita ya duba. Ga Asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard nan kusa da kai, ga kuma Babban Asibitin Sabon Tasha. Kazalika ka guji sayen kafso a kemis kana sha ba da izinin likita ba, domin irin wannan magani ba ya tantance bakteriyar kirki da ta banza, duka yake kashewa.

TAMBAYA TA BIYU

Wannan kuma daga wani matashi ne mai injin surfe da niƙa a Sabon Tasha. Ya ce masu kawo masa masara suna matsa masa ya surfa sau biyu har ta yi fari fat, ya kuma niƙa ta yi laushi kamar fulawa, idan ba haka ba gobe su tafi wani injin. Dusar kuma masu kiwo suna rububinta. Yana tambaya, shin abin da yake cirewa yana da wani amfani ga mutum, ko kuwa na dabbobi ne kawai?

AMSA

Madalla da wannan tambaya, ɗan'uwa. Ɗauki ƙwayar masara ko ta dawa ka jiƙa, ka tsaga ta da reza ka duba. Za ka ga kashi uku. Akwai ɓawo a waje, akwai ɗan idon nan da ke tsiro idan an shuka, akwai kuma farar tsakiya. Tsakiyar kusan duk sitaci ce. Harza a ɓawo ta taru, maiƙo da bitamin da sinadarin ƙarfe kuwa yawancinsu suna ɓawo da ido. Surfe mai tsanani yana kwashe waɗannan biyun ya bar tsakiya. To ka ga dalilin da ya sa ragon da ake zuba wa dusa yake sheƙi.

Ga lissafi daga alkama, wadda aka fi aunawa. A manyan injinan fulawa, buhu mai kilo 100 yana ba da farar fulawa kimanin kilo 75, saura ya tafi abincin dabbobi. Garin alkama da aka niƙa duka da ɓawonsa yana da harza kamar giram 11 a cikin kowane giram 100, farar fulawa kuwa kamar giram 3. A surfen dawa da gero da masara ma, abin da ke fita yakan kai kashi 1 cikin 5, wani lokaci ya fi. Watau mai gida ya sayo mudu 5 da tsadar nan, mudu guda ya tafi akurkin rago. Ka auna a injinka ka gani da idonka.

Laushin niƙa shi ma yana da nasa hukunci. Gari mai laushi ƙwarai ƙaramin hanji yana gamawa da shi nan da nan, sukari ya hau jini da sauri, yunwa ta dawo da wuri. Ɓarzajjen hatsi kuwa, irin tsakin da ake fate da dambu da burabusko da shi, narkewarsa a hankali take, wani sashe ma yakan tsallake ya isa babban hanji ya zama rabon bakteriya. An kuma gano cewa dusa mai gautsi ta fi wadda aka niƙe lilis taimakawa wajen sauƙin bayan gida. A birnin Bamako na ƙasar Mali an yi wani gwaji da aka buga a 2018, aka ga tuwon dawa da na gero da dambun gero suna ɗaukar kusan ninki biyu na lokacin da shinkafa da dankalin Turawa da taliya ke ɗauka kafin su bar ciki. Abin da manomi ke nufi ke nan idan ya ce tuwo yana riƙe ciki.

Amma fa kada wani ya ji wannan ya ce surfe aikin banza ne. Iyayenmu ba su ɗauki taɓarya don wasa ba. Surfe da bakace da wanki suna fitar da ƙasa da tsakuwa, suna rage baurin jar dawa, suna kuma rage wani abu mai haɗari. Masarar da ta sha danshi ta yi hunhuna tana ɗauke da guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta, tana kuma tauye girman yara, kuma wuta ba ta kashe ta. Tsince ruɓaɓɓun ƙwayoyi da wankewa da surfe suna rage wannan guba ƙwarai. Haka nan maganin ƙwari da waɗansu ke barbaɗa wa hatsi a rumbu, a ɓawo yake maƙalewa. Saboda haka ga ƙa'idar da za ka riƙe. Hatsin da ya bushe sarai, mai tsabta, wanda aka san inda ya fito, a yi masa surfe sama-sama sau ɗaya, ko a wanke a shanya a niƙa shi haka nan, musamman gero da farar dawa. Hatsin da ake shakka a kansa, a tsince, a surfa sosai, a wanke. Wanda ya yi hunhuna a fili kuwa, kada mutum ya ci, kada kuma a ba dabba dusarsa, domin gubar tana ratsowa ta cikin nonon saniya.

Ta fuskar sana'a, shawararmu ita ce ka riƙa tambayar mai kawo niƙa irin wanda yake so, ka nuna masa bambancin auki. Masu ciwon sukari da masu hawan jini suna da yawa a unguwannin nan, kuma likitoci suna umurtarsu da cin hatsi da ɓawonsa. Idan aka san injinka da irin wannan niƙa mai tsabta, wata ƙofar ciniki ce ta buɗe.

TAMBAYA TA UKU

Wata baiwar Allah mai sayar da koko da ƙosai a Makera ta ce ta ji ana cewa tace gasara yana zubar da amfanin gero, waɗansu kuma suna cewa kamu mai tsami yana kawo gyambon ciki. Tana so ta san gaskiya, domin da wannan koko take ciyar da jikokinta.

AMSA

Iya, sannu da aiki, Allah ya yi wa sana'a albarka. A cikin aikin kamu abubuwa biyu kike yi, kuma kowanne da hukuncinsa. Na farko jiƙo da kwana har ya yi tsami, na biyu tacewa.

Tsamin nan aikin waɗansu bakteriya ne na kirki, 'yan'uwan waɗanda ke mai da madara ta zama nono. Yayin da suke aikinsu suna karya wani sinadari da ke cikin hatsi wanda ke ɗaure ƙarfe da zinki ya hana jiki samunsu, don haka kamu mai tsami ya fi ɗanyen gari sakin waɗannan abubuwa. Tsamin kuma yana hana ƙwayoyin zawo yaɗuwa a cikin ƙullun. Gyambon ciki kuwa, abin da aka tabbatar yana kawo shi shi ne wata ƙwaya ta daban mai zama a cikin ciki, da kuma yawan shan magungunan ciwon jiki. Mai gyambo idan ya ga tsami yana ta da masa ciwo sai ya rage, amma kamu ba shi ne mafarin ciwon ba. Sai dai ki sani, idan aka dama koko da tafasasshen ruwa bakteriyar kamun sun mutu, amfanin aikinsu ne ya rage. Mai son rayayyu sai ya nemi nono mai tsabta.

Tacewa ita ce ke ɗauke harza. Dusar da ta rage a matata, wadda ake zuba wa awaki, ita ce rabon babban hanji. Ga manya, kina iya sauya matata mai ɗan faɗin ido, ko ki mai da kaɗan daga cikin dusar mai laushi. Kunun tsaki da fura da kunun da aka dama da garin gero ba tacewa, duk sun fi koko harza. Ƙosai ma da ake wanke fatar waken, wani sashe na harzar yana bin ruwa, ko da yake tsokar waken tana da nata.

Ga jikoki kuwa magana ta bambanta, sai ki saurara da kyau. Jariri daga haihuwa zuwa wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe shi, kuma a cikin nonon akwai wani irin sukari da jaririn ba ya narkawa, Allah ya tanade shi ne don ciyar da bakteriyar kirki a hanjinsa. Daga wata 6 zuwa shekara 2 cikin yaro ƙarami ne, idan aka cika shi da dusa zai ƙoshi bai sami abin gina jiki ba. Tataccen koko ya dace da shi, amma a dama shi da kauri, a sa garin gyaɗa ko na waken suya ko garin kifi, a ci gaba da ba shi nono. Tsinkakken koko zalla shi ke kawo tamowa. Daga shekara 2 zuwa 5 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giram 15 na harza a rana, kuma yaro zai samu idan yana cin tuwo da miyar ganye da wake da 'ya'yan itatuwa tare da sauran 'yan gida.

TAMBAYA TA HUƊU

Ta ƙarshe daga wani manomi ce a Gonin Gora. Ya ce 'ya'yansa suna raina ɗumame, wai abincin talaka ne, sai dai a ba su kuɗin taliyar leda. Wake kuma sun ce yana sa su tusa. Me za mu ce?

AMSA

Malam, ka gaya musu masana suna bayan ɗumame. Idan aka dafa sitaci, kamar tuwo ko shinkafa ko dankali ko doya, sa'an nan ya huce ya kwana, wani sashe nasa yana ɗaurewa ya taurare yadda ƙaramin hanji ba ya iya narka shi. Sai ya wuce babban hanji ya yi aiki irin na harza, kuma yana daga cikin abincin da ke sa bakteriya su fitar da butiret da yawa. Ko an ɗumama, mafi yawan wannan sashe yana nan. Ƙarin ba shi da yawa har da zai maye gurbin ganye da wake, amma riba ce da aka samu ba da ko kwabo ba. Sharaɗin shi ne a rufe tuwon a ajiye wuri mai sanyi, da safe a ɗumama shi ya yi zafi har tsakiya. Wanda ya yi yami ko ya fara yauƙi a zubar, shinkafa kuma ta fi tuwo saurin lalacewa a lokacin zafi.

Wake kuwa sarki ne a wannan fage. Busasshen wake yana da harza fiye da giram 10 a cikin giram 100, ga kuma abin gina jiki. Iskar da yake sawa shaida ce cewa bakteriya sun sami abinci suna aiki, domin duk inda ake tsimi sai iska ta tashi. Idan ana so ta ragu, a jiƙa waken ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa ya nuna luguf, a kuma riƙa ci a kai a kai. Cikin 'yan makonni ciki yakan saba. Garau-garau da faten wake da dafaffiyar gurjiya duk suna shiga wannan lissafi.

Taliyar leda farar fulawa ce da aka soya da mai, ga gishiri mai yawa, harzarta kaɗan ce. Ba mu ce haramun ba ce. Idan za a dafa wa yara, a yanka kabeji da karas da alayyafo a ciki, kada kuma ta zama ta kullum. A maimakon biskit da alewa, ga aya, ga goruba, ga gwaiba, ga mangwaro a lokacinsa, ga garin kuka da ake damawa a sha, wanda kusan rabinsa harza ne. 'Yan'uwanmu na kudancin jihar nan da ke zaune a Television da Narayi da Romi suna da faten acca da ganye, wanda ya cancanci kowa ya koya. Yawan irin abincin yana da muhimmanci, domin kowane irin bakteriya da harzar da ya fi so.

To jama'a, idan muka tattara amsoshin nan huɗu, sarrafa abinci iri biyu ne. Akwai mai gyarawa, kamar tsincewa da wanki da jiƙo da tsami da dafuwa da kwana. Akwai kuma mai ragewa, kamar surfe mai tsanani da gogewa da tankaɗe da tacewa. Na farkon a riƙe shi da kyau. Na biyun a yi shi gwargwadon bukata, a kuma cike gurbin da wake da ganye da 'ya'yan itatuwa. Duk sa'ad da za ki kai niƙa, uwargida, ko za ka auno cefane, maigida, a tuna da waɗannan bayin Allah da ke jiran rabonsu a ƙarshen hanji. Rago ya sami dusarsa, amma kada a ba shi duka.

A nan za mu dasa aya, domin lokaci ya yi mana halinsa. Waɗanda ba su ji wasiƙunsu ba su yi haƙuri, suna nan a ajiye, za mu zo kansu da yardar Allah. Ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku, ta takarda ko ta saƙon waya, a rubuta a taƙaice, a kuma faɗi garin da ake. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a gonakinmu da kasuwanninmu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.